Tambaya da Amsa: Sassabe da Kwashe Dusar Ƙanƙara da Ƙaramar Tarakta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25. Ina so in yi sassabe da ita, idan hunturu ya shigo kuma in riƙa kwashe dusar ƙanƙara daga hanyar shiga gida. Waɗanne kayan haɗi zan saya? Na ari wani injin yankan ciyawa, amma ƙusarsa sai karyewa take yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, taraktarka za ta yi duka biyun, muddin ba ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba.

Ƙa'idar masu sana'a ita ce kowace ƙafa ɗaya ta faɗin injin yanka tana buƙatar kimanin doki 5 daga sandar PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta tana ba injin yanka ƙarfi. Ƙarfin da ke isa sandar bai kai na injin tarakta ba, don haka mai faɗin ƙafa 4 shi ne daidai da kai. Ƙaramin inji irin wannan yana cin ciyawa da tsiron da kaurinsa bai wuce inci 1 ba. Ka riƙe juyin sandar a 540 a minti, ka tafi a hankali, gaban injin ya ɗan fi bayansa yin ƙasa don kada wuƙaƙe su yanki abu ɗaya sau biyu.

Ita kuwa ƙusar nan da ke haɗa sandar da akwatin giyar injin yanka, da gangan aka yi ta da taushi. Idan wuƙa ta daki dutse ko kututture, ita za ta karye, akwatin giya ya tsira. Don Allah kada ka musanya ta da mai tauri, asarar da za ta biyo baya ta fi girma nesa ba kusa ba. Ka zagaya filin da ƙafa tukuna, ka kwashe duwatsu da waya, ka kafa sanda a jikin kowane kututture. Ka riƙa share ragar lagireto, ƙaiƙayin ciyawa kan toshe ta injin ya yi zafi.

Ga dusar ƙanƙara, faranti mai turawa da ake ɗaurawa a baya ya isa. Ka karkata shi kamar digiri 30 don dusar ta zube gefe. Idan hanyar tsakuwa ce, ka sa masa takalman ƙarfe su ɗaga bakinsa kaɗan, in ba haka ba har tsakuwar zai kwashe. Dusar farko ka tura ta can nesa, domin da zarar tulin ya daskare ba ya motsi. Inda zurfinta kan wuce ƙafa ɗaya, injin da ke feso ta gefe ya fi.

Santsi ne babbar matsala. Ka sa wa tayoyin baya sarƙa, ka ƙara musu nauyi, amma idan ruwa za ka ɗura a cikinsu don nauyin, ban da ruwa zalla don zai daskare. Man dizal ma kan yi kauri a tsananin sanyi ya toshe matata, sai ka sayi na hunturu ko ka zuba maganin hana daskarewa tun kafin sanyin ya sauko.