Soket na faɗawa cikin akwati: a ci gaba da gam ko a koma noti?

Wani mai haɗa akwatunan cajin waya a Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina haɗa akwatunan caji masu aiki da batir da sola, ina sayar wa masu sana'ar caji. Da gam na kyandir nake kama soket ɗin USB a jikin akwatin roba. Cikin goma, sai biyu ko uku sun dawo kafin wata uku, ko soket ya faɗa ciki ko waya ta tsinke. Abokin aikina ya ce in koma braket (ɗan ƙarfen da ke riƙe soket a jikin akwati) da noti, in sayi injin huda, ni kuwa ina tsoron kuɗin zai cinye ribar. Ya zan yi?"

Malam, abokin aikinka ya yi gaskiya. Ribar da kake tsoron braket ya cinye, gyaran kyauta yana cinye ta tun yanzu, sai dai ba ka rubuta ta a littafi.

Mu ɗauka ribarka a akwati ɗaya N5,000 ce, goma kenan N50,000. Uku sun dawo, kowanne ya ci maka sabon soket da kuɗin abin hawa da rabin yini, a ce N3,000. N9,000 ta tafi. In braket da noti da wosha na kowane akwati sun kama N500, na goma N5,000 ne. Ka cire waɗannan lambobin ka sa naka na gaskiya. Ban ma sa asarar da ta fi ciwo ba: mai caji da akwatinsa ya tsaya ranar kasuwa, ba zai sake aiko maka da ɗan'uwansa ba.

Gam ba zai taɓa riƙe wannan aikin ba. Duk lokacin da aka cusa waya ko aka zare, ƙarfin hannun mutum sai ya sauka a wani wuri. In gam da dalma ne kawai ke riƙe da soket, a kansu yake sauka. Gam na kyandir kuma yana yin laushi da zafi, ga akwati a rumfar kwano a watan Afrilu, ga zafin da na'urar rage wuta ke fitarwa a ciki. Da gam ya saki sai dalma ta ɗauki nauyin, ta tsage, caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Aikin braket shi ne ya kai wannan ƙarfin jikin akwati.

Akwai wani abin kuma. Soket ɗin USB-A na gama-gari an ƙera shi ne ya jure cusawa da zarewa kusan sau 1,500. In mai caji yana amfani da rami ɗaya sau 20 a yini, kwana 75 kenan. Wato ko ka ɗaure shi da kyau, soket kaya ne mai ƙarewa, dole a haɗa shi ta yadda za a canza shi ba tare da fasa akwati ba. Shi ya sa na fi so ka jera soket ɗin duka a kan faranti ɗaya na alminiyam mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, ka ɗaure farantin a jikin akwati da noti M3 (mai kaurin milimita 3) huɗu, ko shida in yana da tsawo. Ka kuma shawarci mai caji ya bar gajerun wayoyi a cushe kullum, lalacewar ta riƙa sauka a kan waya mai arha.

Wajen huda, ka fara da yin samfuri na kwali mai tauri ko guntun alminiyam mai ɗauke da duk ramukan. Shi za ka riƙa ɗorawa a kowane akwati, ba sai ka sake awo ba. Ka manna tef na takarda, ka yi alama, ka fara huda da ƙaramin baki na milimita 2, sannan ka faɗaɗa. Noti M3 ramin milimita 3.2 yake so, kuma kada ramin ya matso gefen roba ƙasa da milimita 6, in ba haka ba zai tsage. Roba tana son injin ya juya a hankali. Da gudu ya yi yawa sai ta narke ta kama baki. Manyan ramuka masu zagaye, ka nemi bakin huda mai hawa-hawa na milimita 4 zuwa 32, zai yi maka ramin milimita 16 na mahaɗar waya mai zagaye ta GX16. Na 12.5 na maƙogwaron waya PG7 (abin da ke riƙe waya a inda take shiga akwati) kuwa, ka huda 12 ka ɗan faɗaɗa da magagari. Rami mai kusurwa huɗu kuwa, ka huda kusurwoyin, ka yanke tsakani, ka gyara da magagari. Kada ka huda da ayan ɗin dalma mai zafi, ramin ba ya fita daidai, bakinsa kuma yana yin rauni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne soket ya zauna can ciki. In bangon akwati ya kai milimita 3 kuma soket yana bayansa, kan waya ba zai shige duka ba, sai ya riƙa zafi yana yanke caji. Fuskar soket ta zo daidai da fuskar waje. Ka sa wosha a ɓangaren roba, ka yi amfani da noti mai zoben nailon don kada girgizar hanya ta kwance shi, ka ɗaure da hannu, da ya kama ka tsaya. Ruwan kulle noti da makanikai ke sawa kada ya taɓa robar akwati irin ABS, yana tsattsaga ta. Sukuru mai yanka wa kansa hanya a roba yana da sauri, amma in aka kwance shi 'yan lokuta sai ramin ya sake.

A ciki, ka bar wa waya sarari na santimita 3 zuwa 5, ka ɗaure ta a jikin braket da igiyar roba domin ja ya tsaya a nan. Ka tuna jikin ƙarfe na soket yawanci a haɗe yake da wayar negatif, don haka farantin duka ya zama negatif. Ka rufe duk bakin fozitif da robar da ke tsukewa da zafi, ka sa fiyus kusa da batir. Ka gama huda ka share ɓarɓashin ƙarfe kafin ka sa allon lantarki, ƙwaya ɗaya ta isa ta ƙona shi.

Batun saye kuma, kada ka zuba jari a kan braket ɗari tun farko. Soket na kasuwar Sabon Gari ko na kasuwar Alaba ta Legas suna bambanta a girma daga wannan kaya zuwa wancan. Ka ɗauki soket a hannu ka gwada, ka haɗa akwati biyar, ka ba wa kwastomomin da suka fi yawan ciniki, ka jira wata uku. Kuɗin injin huda ka raba shi a kan akwatunan da kake haɗawa cikin shekara, ka ƙara a farashi, ka buɗe akwatin ka nuna wa mai saye abin da ya biya. Ka ajiye faranti biyu ko uku a haɗe, na canji da kuɗinsa. Tsofaffin akwatunan da ke hannun mutane, wanda ke cikin garanti ka sauya masa kyauta, sauran su biya kuɗin kaya da na aiki.