Ga ƙanwarmu mai shirin jarrabawar PTS

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce jarrabawar PTS, wato ta tantance sababbin ɗaliban nas, ta matso, kina kwana kan littafi da kofin Nescafe, da safe kai na sarawa, ciki na ƙuna, kina tambaya ko haka kowa ya yi. Kusan kowa ya yi, amma ba shi ya sa suka ci ba.

A nan Zariya na yi karatun nas, na yi fostin, wato koyon aiki, a asibitin koyarwa na Shika, yanzu kuma ɗalibai ne ke biyowa ta hannuna. Abin da na fi ganin yana kayar da yara shi ne rashin barci. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta, shi ya sa wadda ta kwana haddar ƙasusuwan hannu take shiga aji ta tarar rabi ya zube. Babba na buƙatar aƙalla awa 7. Ki kwanta da an idar da Isha, ki tashi wajen ƙarfe huɗu, lokacin hostel shiru, ki yi karatu zuwa Asuba. Da hunturu sai an daure, na sani, sanyin Zariya ba ya wasa. Shi kuma kofi, bayan kamar awa 5 rabin ƙarfinsa na nan a jini, don haka daga Azahar ki haƙura da shi.

Ƙunar cikin ce ta fi damuna. Ɗaliban nas suna yawan shan magani da ka, daga an fara karanta magunguna kowa ta zama likitar kanta. Diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki, suna tayar da olsa. Ki je a duba ki, akwai ƙwayar cutar H. pylori mai jawo olsa da ake gwadawa kuma tana da magani. Kada ki fita ba ki karya ba, ko koko da ƙosai ne, ki zuba gyaɗa da dabino a aljihu. Indomi safe da dare ba zai riƙe ki ba.

In wata ta miƙo miki ƙwaya wai tana kashe gajiya, ki ce kin gode. Da haka tramadol ke shiga hostel.

Sai kuma rigakafin ciwon hanta, Hepatitis B, kafin a tura ku wod, wato ɗakin majinyata, ki fara taɓa allura da jini. Guda 3 ne: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Ki fara tun yanzu. Allah ya ba ku sa'a.