Da me zan yanke wa karena farce a gida?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da babban kare mai baƙin farce. Faratan sun yi tsawo har idan yana tafiya a kan tayil sai ka ji ƙwas-ƙwas. Zan iya yanke masa da abin yankan farce namu na mutane, ko akwai wanda ya fi dacewa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Namu na mutane ka ajiye shi. An ƙera shi ne don farce mai faɗi maras kauri, na kare kuwa kewayayye ne mai tauri, sai ya matse shi ya tsage. Ɗan kwikwiyo kaɗai yake yi wa amfani.

Abin da ya kamata ya jagoranci zaɓinka shi ne cikin farcen kansa. A tsakiyarsa akwai tsoka mai rai, ɗauke da jijiyar jini da ta jin zafi. A farin farce ana hango ta ja-ja, sai a tsaya kamar milimita 2 kafin a kai gare ta. A baƙin farce irin na karenka ba a ganinta sam. Don haka kana bukatar abin da zai ba ka damar ɗiban farcen kaɗan-kaɗan, kana duba bakin yankan. Da farko za ka ga fari kamar alli. Da zarar ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya, tsaya nan, ka kusa.

Ga babban kare, mai kama da filaya na fi amincewa da shi: yana da ƙarfi, kuma idonka na kan inda kaifin zai sauka. Akwai wani mai rami da ake zura farcen ciki, reza ta taso ta datse. Yana yi wa ƙananan karnuka, amma farce mai kauri yakan fi ƙarfinsa, rezar kuma tana saurin dakushewa. Ko wanne ka saya, kaifi ne kan gaba. Dakusasshe murƙushe farce yake yi, kare ya ji zafi ko ba a taɓa tsokar ba, daga ranar kuma ya daina ba ka ƙafarsa. Ɗan ƙarfen kariya da ke jikin wasu kada ka dogara da shi, bai san inda tsokar karenka ta tsaya ba.

Na'urar goge farce mai batir ta dace ƙwarai da baƙin farce, domin tana cinsa a hankali. Sai dai tana ɗaukar zafi, kada ta wuce daƙiƙa 2 zuwa 3 a farce ɗaya kafin ka ɗaga, kuma ka kawar da dogon gashi don kada ta naɗe shi. Wasu karnukan suna tsoron ƙararta, sai a saba musu da ita tukuna.

Kafin ka fara, hodar tsayar da jini ta kasance kusa da hannunka. In babu, sitacin masara ko fulawa na taimakawa: danna a bakin farcen ka riƙe. Idan jini ya ƙi tsayawa bayan kamar minti 10, kai shi wurin likitan dabbobi.

Tunda faratan sun riga sun yi tsawo, tsokar ma ta biyo su, kada ka nemi gama aikin rana ɗaya. Rage kaɗan duk mako, za ta riƙa ja da baya. Ka duba har farcen da ke gefen ƙafa ta ciki, wanda ba ya taɓa ƙasa. Shi ne yake lanƙwashewa ya shige fata idan an manta da shi.