Katin Talabijin Ya Ƙi Aiki A Kwamfuta: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi katin kallon talabijin na hannu, ƙirar Hauppauge WinTV, a wurin masu sayar da kayan tokumbo. Na saka shi a kwamfutar gida, ta karɓe shi lafiya lau, amma duk sanda na sa ya nemo tashoshi sai ya gama ya ce bai samu ko ɗaya ba. Eriyata kuma tana aiki da talabijin ɗin falo. Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Tun da kwamfuta ta karɓi katin, eriya kuma lafiyarta ƙalau, zargina na farko ba ya kan lalacewa, yana kan ƙasar da aka ƙera katin dominta. Kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta, ka ciro katin ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ƙaramin akwatin ƙarfen nan da wayar eriya ke shiga. Idan ka ga an rubuta NTSC ko ATSC, to katin na Amurka ne, kuma ko shekara za ka yi kana nema ba zai kama tasharmu ba. Tsohon tsarin watsa shirye-shirye a Najeriya da Gana shi ne PAL B/G, a Nijar SECAM, sabon tsarin dijital kuwa DVB-T2. Kowanne da harshensa, kati kuma harshen da aka gina shi a kai kawai yake ji.

Ko da ka ga PAL a jiki, da sauran magana. Najeriya ta fara ƙaura zuwa dijital a Jos cikin Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar, Kaduna kuma a ƙarshen 2017. Katin da ke jin PAL kaɗai ba ya ganin tashar dijital ko da ƙarfinta ya cika gari, sai dai ragowar tashoshin da ke kan tsohon tsari. Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane: 'yan ƙananan na'urorin USB masu arha da aka rubuta wa DVB-T kawai, irin masu ƙwaƙwalwar RTL2832U. Wannan lamba 2 da ta ɓace a ƙarshe ita ce komai. DVB-T2 yana karanta DVB-T, amma DVB-T ba ya karanta DVB-T2. Na ga mutane da dama sun sauya eriya, sun sauya waya, sun hau rufin ɗaki da rana tsaka, alhali amsar tana rubuce a bayan kwalin tun ranar da suka saya.

Kada ka jefar da katin. Duba bayansa, yawancinsu suna da ramin rawaya na bidiyo. Haɗa dikodar gidanka da shi ta wayar AV, ka zaɓi Composite a cikin manhajar kallo, hoton dikoda zai fito a kan kwamfuta, har ka iya ɗaukar shirin da kake so. Sauya tasha dai da rimot ɗin dikoda za ka riƙa yi.

Tambaya: Malam, katina yana aiki sarai a Windows 7. Da na koma Windows 10 sai ya mutu murus, manhajar kallon ma na neme ta na rasa. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, matsala biyu ce ta haɗu maka. Manhajar da ka rasa, ina kyautata zaton Windows Media Center ce, kuma kamfanin Microsoft ya cire ta tun fitowar Windows 10 a 2015. Ba ɓuya ta yi ba, babu ita ne gaba ɗaya. Za ka iya maye gurbinta da NextPVR ko ProgDVB, ko manhajar kamfanin da ya yi katin.

Ta biyun ita ce direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa kwamfuta da kati tafinta. Danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Start, ka buɗe Device Manager. Idan ka ga wani abu mai suna Multimedia Video Controller da alamar motsin rai a cikin rawayan alwatika, katinka ne, kwamfuta ta gan shi amma ba ta san ko wane ne ba. Buɗe shi za ka ga Code 28, ma'ana babu direba. Shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids, ka kwafe abin da ya biyo bayan VEN (lambar kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar katin) da DEV (lambar ita ƙwaƙwalwar). VEN_109E na Brooktree ne, masu Bt878, VEN_1131 na Philips ne, masu SAA7134, VEN_14F1 kuma na Conexant. Da waɗannan lambobi ake neman direba, ba da sunan da ke kan kwali ba, domin kamfanoni da yawa sun yi amfani da ƙwaƙwalwa iri ɗaya.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, tsofaffin katuna da yawa an yi musu direban tsohon zubin Windows mai 32-bit ne kawai, kuma sabon zubi mai 64-bit ba ta karɓarsa ko ka roƙe ta. Ina roƙonka ka guji shafukan nan masu alƙawarin sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya, sun fi kawo cuta fiye da magani. Idan shafin kamfanin ba shi da direban 64-bit, Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, ta fi tausayin tsofaffin katuna, don direbobin bttv da saa7134 suna cikinta tun asali. Abu na ƙarshe: idan direba ya hau amma allo ya tsaya baƙi, leƙa Settings, Privacy, Camera, ka tabbatar an bar manhajoji su yi amfani da kyamara. Windows 10 tana lissafa wasu katunan a sahun kyamara, ta kulle su.

Tambaya: Hoto yana fita tangaran, amma babu sauti sai wani shuuu. Daga wata uwargida a Katsina.

Amsa: Hajiya, wannan shuuu ɗin shi ne ya tona asirin matsalar. Shiga saitin manhajar ki duba ƙasar da aka zaɓa. Sau da yawa mai sakawa yana barin ta a kan Ingila, su kuma tsohon tsarinsu PAL I ne, mai ajiye sauti a tazarar megahaz 6 daga hoto, namu na B/G kuwa 5.5 ne. Sai katin ya je neman murya a inda babu kowa. Mayar da shi Najeriya, in babu ita a jerin ki zaɓi Jamus, tsohon tsarinsu ɗaya ne da namu, sannan ki sake neman tashoshi.

Da a ce shiru ne tsit, da sai in ce ki duba bayan kwamfutar. Tsofaffin katuna ba sa tura sauti ta ciki, suna buƙatar wata gajeriyar waya mai kai biyu irin na abin sauraro, daga ramin Audio Out na katin zuwa shuɗin rami na Line In. Wannan 'yar waya ita ce ta fi ɓacewa idan kati ya bi hannu biyu ko uku. Bayan an haɗa, a shiga saitin sauti, ɓangaren Recording, a buɗe Line In, a kunna Listen to this device.

Tambaya: Na sayi na USB mai DVB-T2. Ya jero sunayen tashoshi da yawa amma kaɗan ne ke buɗewa, su ma suna tsayawa, hoton ya farfashe kamar tayil, musamman da yamma. Daga wani mai shagon ɗinki a Jos.

Amsa: Sannu da aiki. Waɗanda suka nuna suna kawai, a kulle suke. Tashoshin GOtv da StarTimes suna yawo a iska ɗaya da na kyauta, na'urarka tana ganin sunayensu, amma mabuɗin yana cikin dikodar kamfanin. Babu saitin da zai buɗe su, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka maka manhajar buɗewa, riƙe kuɗinka.

Farfashewar hoto kuwa raunin sigina ce. A tsohon tsari idan sigina ta yi rauni hoto dishi-dishi yake yi amma kana kallo, dijital ba ta san wannan sassauci ba, ko ta ba ka tas ko ta tsaya cak. 'Yar eriyar nan mai kamar tsinken tsire da ke zuwa cikin kwali ba ta da wani amfani a ƙarƙashin rufin kwano. Samu eriyar waje ta UHF, ka ɗaga ta sama, ka fuskantar da ita wajen turken tashar, ka ja waya RG6 guda ɗaya ba mai ɗauri-ɗauri ba. A manhajarka akwai ma'auni biyu, Strength da Quality. Na biyun za ka sa wa ido yayin da wani ke juya eriyar a hankali, don sigina na iya yin ƙarfi amma cike da hayaniya.

Kwanan baya an kawo mini irin wannan, mun yi ta fama, sai da na kwance kan wayar da ke jikin eriya na tarar ruwan damina ya shiga, jan ƙarfen tsakiya ya koma kore, wani silin zaren da ke kewaye kuma ya lanƙwaso yana taɓa shi. Muka yanke kamu ɗaya, muka sake ɗaura kai, muka naɗe da salatif, hoto ya zauna.

Batun yamma kuma, lura ko lokacin ne ake tayar da janareto ko kake kunna keken ɗinki mai lantarki, dukansu suna watsa hayaniyar da ke dagula sigina. Taɓa na'urar ma ka ji, idan ta yi zafi sosai bayan awa guda, sa mata gajeriyar wayar ƙari ta USB ka nisanta ta da jikin kwamfuta ta sha iska, ka kuma kashe USB selective suspend, wato saitin da ke sa na'urar USB barci don tsimin wuta, a cikin Power Options. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, zare wayar eriyar daga na'urar kafin ka rufe shago.