Shak ba shi ne abin tsoro a Ras Muhammad ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kifin shak ne haɗari in za ka yi nutso da tukunyar iska a Ras Muhammad na ƙasar Masar, cikin Bahar Maliya. Shak ɗin da ke yawo a bakin murjani yawanci da ya ji ƙarar kumfar numfashinka yake ja da baya. Wanda ya fi cizon masu nutso shi ne kifin tiriga, babban nan da ake kira Titan, mai kai santimita 75.

Lokacin zafi yake tsaron ƙwansa a ramin yashi, kuma yankin da yake karewa buɗewa yake ta sama kamar mazurari. Shi ya sa masu tserewa sama suke ƙara shiga gonarsa, ga kuma haɗarin tasowa da gaggawa ga huhu. In ka ga ya miƙe ƙayar bayansa, yi iyo a kwance, ka nisanta ta gefe, idonka a kansa, takalman iyonka tsakaninka da shi. Gara ya ciji roba.

Kifin dutse kuwa ba ya kai hari, taka shi ake yi ko a dafa shi, don ba a bambanta shi da dutse. Kada ka dafa komai, kada ka zura hannu a rami, nan mesar ruwa take, kifin nan mai kama da maciji mai cizo. Idan ƙayar kifin dutse mai dafi ta soke ka, a tsoma wurin a ruwan zafi na kimanin digiri 45 a ma'aunin Celsius, minti 30 zuwa 90, sannan asibiti ba jinkiri.