Farin hayaƙi bayan an canja kuruwa: ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni direba ne a Tawa, ina jigila zuwa Ƙonni da Hilux mai injin 3L. Tun da aka canja mini kuruwar cikin inji (bel mai haƙora da ke daidaita juyawar sassan inji), da ƙyar motar ke tashi da safe, ga farin hayaƙi, ga rashin ƙarfi a hawa. Me ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alamun nan uku sun fi nuna cewa gazuwal na shiga silinda a makare, wato kalaji, daidaiton lokacin feshin gazuwal, ya goce. Galibi haƙori ɗaya ne aka tsallake a pulin pompon gazuwal wajen ɗora kuruwa. Da kalajin ya yi gaba da yawa, wato gazuwal na shiga da wuri, ƙwanƙwasa mai ƙarfi za ka riƙa ji.

Makaniki ya buɗe murfin kuruwa, ya juya bilbirikan (babbar sandar da piston ke juyawa) da hannu ta inda injin ke juyawa, har piston na 1 ya kai ƙololuwa a ƙarshen matsa iska. A nan dole alamomi uku su zauna daidai da na jikin inji: ta bilbirikan, ta sandar da ke buɗe supap (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), da ta pompo. Idan ɗaya ta kauce, a sassauta abin ɗaure kuruwa, a cire ta, a daidaita, a mayar. Sai a juya injin zagaye 2 cur da hannu a sake dubawa, domin bilbirikan na zagaye biyu kafin pompo ta yi ɗaya. Kada a taɓa makulli kafin wannan gwaji. A dizal tazarar piston da supap kaɗan ce ƙwarai. In suka haɗu, sai an sauke kilas, wato kan inji.

Idan alamomi sun yi daidai amma hayaƙin na nan, saura pompo kanta. Ana kwance ƙusar da ke tsakiyar bututu huɗu a bayanta, a ɗaura agogon awo. A mayar da bilbirikan baya kamar digiri 30 har allura ta tsaya, a sa sifili, a dawo ƙololuwa, a gwada abin da ta nuna da adadin littafin injin. In awon ya gaza na littafin, a sassauta notocin pompo da bututun anjekta (masu fesa gazuwal cikin silinda), a karkata jikinta kishiyar inda pulinta ke juyawa, kaɗan-kaɗan. Ban yarda da mai yin wannan gyara da kunne ba, domin awon bai kai kaurin farce biyu ba.

Sababbin Hilux masu injin D-4D kuwa, kwamfuta ce ke tsara lokacin feshi, karkata pompo ba ya gyara komai a can.