Shin waya mai tsada tana gyara sauti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ba da hayar kayan sauti a wuraren biki nan Yamai. Wani mai shago ya nuna mini wayar lasifika mai bakin zinariya ta jika 40, wai da ita sauti zai fito tas. Wadda nake saye a kasuwar Katako ba ta kai jika 5 ba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka. Aikin wayar lasifika shi ne ta kai wuta daga ampili, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, zuwa lasifika ba tare da ta cinye da yawa a hanya ba, kuma kaurinta da tsawonta da irin ƙarfen cikinta su ke yanke wannan. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² da tsawon mita 10, turjiyarta, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta, zuwa da dawowa kusan om 0.23 ce (om shi ne ma'aunin turjiya). A kan lasifika mai om 8, abin da ya ɓace bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, kunne ba ya kama shi. Amma ka ja siririya mai 0.5 mm² har mita 30 zuwa lasifika mai om 4, turjiyar ta kai om 2. Nan kam za ka ji sauti ya yi sanyi, bugun ganga ya rasa ƙarfi. Maganin wannan waya mai kaurin 2.5 mm², ko da ta Katako ce.

Abin da nake so ka kiyaye shi ne jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa masa tagulla, kuma alminiyom yana kai kusan kashi 60 ne kawai na abin da tagulla ke kaiwa. Ka kankare silin da wuƙa tun a gaban mai shago. In ya fito fari, ka bar masa kayansa.

Zinariyar baki tana hana tsatsa, iyakarta ke nan. Tana da amfani da damina, amma ba ta ƙara wa sauti komai.

In za ka kashe kuɗi, ka kashe a wayar makirufo mai baki uku, XLR, domin ita ce ke hana gurnanin nan da ke shiga daga wayoyin wuta idan an ja ta da nisa. Sauran kuɗin ka ƙara a lasifika mai kyau, ka kuma riƙa share ƙurar hunturu daga bakunan wayoyinka kafin ka fita biki.